Ɗantani Tela da Tafiyar Baba Musa

Da hantsi ya ɗaga za ka tarar da Ɗantani Tela a bakin rumfarsa a kasuwar Boɗinga, ƙafa a kan keke, ido a kan hanya. Ɗinkin ma yanzu sai a hankali, don zare ya fara yi masa gardama a kafar allura. Amma idon nan har yau bai gaza ganin mutum ba. Mai albasa zai wuce da jakinsa, dillali ya gifta yana rantse-rantse, kafin su sha kwana Ɗantani ya kwashe tafiyarsu da muryarsu ya adana. Matarsa Atika takan ce ita mutum ɗaya ta aura ta wayi gari da maza ɗari, kuma duk cikinsu babu mai kawo cefane da wuri.

Bana ya naɗe babbar rigar wasansa ya ce ya huta. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, kuma wannan shirun ne ya dame ni.

Daga tashe ya faro wasan kwaikwayo. Karatu kuwa sai da gemu ya fito masa ya koya, a ajin yaƙi da jahilci, kuma ba ya ɓoye haushin jinkirin da ya yi. A zamanin jamhuriya ta biyu shi da abokansa suka riƙa hawa akori-kura suna zaga ƙauyukan Boɗinga da Shagari, suna wasa a kan makaranta, da rigakafi, da jefa ƙuri'a. 'Yan siyasa sun yi zawarcinsa don ya hau dandali ya ci musu mutuncin abokan hamayya. Amsarsa ɗaya ce: "Ni tela na. In na ɗunka ma jam'iyya guda riga, sauran gari su tahi tsirara?"

Yana da dabara tasa. Kafin ranar wasa yakan riga kowa isa ƙauye, ya raɓe wurin mahauta kamar baƙon da ke jiran mota, ya saurari abin da mutane ke cewa. Washegari sai su ji maganarsu a bakinsa. Ƙa'idarsa ita ce ya ɗauki magana ya bar mai ita, kada a gane kowa.

Sau ɗaya ya karya ƙa'idar nan, a wata unguwa ta wajen Dandin Mahe, shekarar da damina ta gaza, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, albashin malamai ya maƙale. Iyaye sun janye 'ya'yansu zuwa ban ruwan albasa, kuma an aiko wa hedimasta Malam Attahiru cewa in aji bai cika ba za a rufe makarantar. Shi ya roƙi 'yan wasa su zo.

Wurin mahauta Ɗantani ya ga wani tsoho mai jan ƙafar hagu, wanda ke gyaran murya kafin ya ce, "Alli ba shi cika rumbu." Tafiyar ta yi masa daɗi, kwaɗayin ɗan wasa ya ci ƙarfinsa. Bai tambaya ba, balle ya ji cewa wannan shi ne Baba Musa, wanda in ya ce a'a a unguwar nan ko kaza ba ta tsallake maganarsa.

Bayan la'asar fili ya cika. Ɗantani ya fito da gemun auduga da sanda yana jan ƙafa, ya yi gyaran murya. Tun bai buɗe baki ba wuri ya kece da dariya, yara na nuna Baba Musa da yatsa. Sai tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe, dariya ta ɗauke ɗif. Malam Attahiru, wanda ya ba ni labarin nan, ya ce a lokacin ya yi sallama da makarantarsa a zuci, don wanda aka tozarta gaban jikokinsa ba zai bar yaro ko ɗaya ya sake taka ajin ba.

Ɗantani ya cire gemu, ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa.

"Baba, na yi laihi, kuma gaban jama'a niy yi shi. Ka gahwarce ni. Hwarkon wasan ga ɗai na iya, ƙarshe nai yana hannunka."

Baba Musa ya dube shi.

"Kai ɗan wa?"

"Ɗan tela na, Baba, daga Boɗinga."

"To, ɗan tela, abin da kac ce da bakina, ƙarya na?"

"Ba ƙarya ba na."

"Malamin da ba a biya ba, cikinai wayam, mi za shi koya ma ɗiyanmu? Albasa kau tana jiran a tashi makaranta?" Ya gyara riƙon sanda. "Ka iya tahiyata, yaro, amma ba ka san inda za ni ba."

Ya keta taro yana jan ƙafar nan, babu wanda ya ko murmusa, har ya tsaya gaban Malam Attahiru. Nan ya yanke hukunci: yara su yi ban ruwa da sanyin safiya su wuce aji, kowane gida kuma ya kai wa malamai abin da ya samu na gero har gwamnati ta tuna da su. Washegari shi da kansa ya riƙo hannun jikarsa Zulaihatu ya kawo ta aji. Ba a rufe makarantar ba.

In ka yabi Ɗantani a kan wannan sai ya kau da kai. "Ni ban buɗe makaranta ba, kuskure niy yi, dattijo yag gyara. Ran nan nis san mutanen ƙauye ba karatu suka ƙi ba, yunwa suka tsoro. Ɗan wasan da bai san hakan ga ba, shi aj jahili."

Haka ne, Ɗantani, amma kai ne ka san lokacin cire gemu. Kai ne ka fifita ajin yaran da ba naka ba a kan tafin da ake yi maka. Gwanin kwaikwayo, mai hana dariya ta zama cin fuska. Da yawa sun fi ka suna a akwatin talabijin, amma ban san wanda ya fi ka tsoron mutuncin mutane ba.

Daga ranar bai sake yin tafiyar Baba Musa ba, duk da magiyar da ake yi masa a bukukuwa. Sai kwanan baya wata dattijuwa ta yi sallama a rumfarsa da jikokinta. Zulaihatu ce, ta yi ritaya daga koyarwa.

"Baba Ɗantani, kakanmu bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba. Yaran ga kullum suna tambayata kamanninai. Kai ɗai kar rage da tahiyatai."

Ɗantani ya ari sandar mai gadin kasuwa, ya yi gyaran murya, ya ja ƙafar hagu daga bakin rumfa zuwa gindin dalbejiya. Yaran suka zuba masa ido. Zulaihatu ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka, Atika ma da ta kawo fura ba ta iya tsokana ba.

Mun gode, Ɗantani. Allah ya sa ka gama lafiya, ya saka maka da abin da mu muka gaza ba ka. Ku kuma samari masu ɗaukar mutane a waya don a yi dariya, ku leƙa Boɗinga tun yana raye, ku tambaye shi yadda ake ɗaukar tafiyar mutum a riƙe masa ita amana har jikokinsa su zo karɓa.