Ajiyar Lawwali Mai Faifai

Duk wanda ya saba da bakin tasha a Gusau ya san rumfar Lawwali mai faifai, ya kuma san kwamfutarsa: tsohuwar laftof da aka ɗaure marfinta da salatif, fankarta na nishi kamar mai asma. Shekara goma yana yawo da kyamara daga Wonaka har Tsafe, yana ɗaukar suna da biki da saukar karatu, ya dawo ya zuba wa mutane a faifai. Zubawar ce abin takaici. Faifai ɗaya sai ya cinye minti arba'in. Direba zai yi lodi, ya kai fasinja Bungudu ya dawo, ya tarar ana nan ana jira.

Yari mai gyara, maƙwabcinsa, ya sha faɗa masa cewa cikinta ne ya cika. Lawwali ba ya goge komai. Duk taron da ya ɗauka sai ya bar kwafi, kuma in zai miƙa faifai yakan ce, "In ya lalace ka dawo, naka na nan." Mutum ne mai taurin kai da son a yabe shi, kuma da wannan alkawari yake tinƙaho.

Sai zamani ya juya masa baya. Kowa ya koma waya, rumfa ta yi shiru. Ana cikin haka wata Islamiyya ta ba shi aikin faifai ɗari biyu, ana so kafin Juma'a. Na'urar ajiya da zai kwashe tsoffin kwafin a ciki ta fi ƙarfin aljihunsa. Yari ya ce a wanke kwamfutar tas, a goge duk abin da ke ciki, a sake mata tsari.

"Wa yad dawo neman kwafi bana?" in ji Yari. "Ko mutum guda?"

Babu. Lawwali ya miƙa ta, ya fita bakin titi don kada ya gani. Ta dawo tana gudu, faifai a minti biyar. Har ya yi dariya, ya saya wa Yari shayi.

Ran Asabar da hantsi wani manomi ya yi sallama. Arzika ne, mutumin 'Yandoto. Ya kwance ƙyalle ya fito da faifai a rabe biyu. Cikin buhun kaya ya karye, ranar da suka bar gida a gaggauce. Bidiyon sunan 'yarsa Husna ne, shekara takwas da suka wuce. Uwarta Lami ta rasu yarinyar ba ta kai yaye ba.

"Ɗiyar ta hwara tambaya, Malam," in ji shi. "Ba ta san huskar uwatta ba. Nic ce mata kwantar da hankali, akwai wurin Lawwali." Ya ajiye sabon faifai da ya sayo a hanya, yana murmushi.

Lawwali ya dubi kwamfutar. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokaci ba. Ya faɗi gaskiya, bai ɗora wa Yari laifi ba.

Arzika bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zauna a benci. Can ya ce, "Amma kai kad ɗauka. Ka tuna ta?"

Ya tuna. Atamfa ruwan ganye Lami ta sa, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da jaririya a cinya, in kyamara ta juyo sai ta rufe baki da gyale tana dariya. Ya shiga faɗa wa Arzika.

Arzika ya matso, ya rufe ido.

"Yi sannu, Malam," ya ce. "Sake hwaɗi. In riƙe, in kai mata."