Agogon Kawu Isuhu a Hannun Tela

Duk wanda ya san Kawu Isuhu, dillalin shanu na Kaura, ya san bai taɓa zama ya ci tuwo ba. A tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a bakin zaure, kunne na wajen tasha. In ka ce ya zauna sai ya ce, "Hutu na kabari!"

Da ciwon zuciya ya kama shi, ɗansa Bashiru ya aiko masa da agogo daga Kaduna, mai auna bugun zuciya yana tura sakamakon zuwa wayar Bashirun. Ni ɗan ƙanwarsa aka ɗora wa sa ido. Zan faɗi abin bi da bi.

Na farko, alwala. Sai ya cire agogon ya rataya a wuyan buta, ya manta. Bashiru ya bugo a firgice: "Zuciyar Baba ta tsaya!"

Na ce, "Ta buta ce."

Na biyu, kasuwar Shinkafi. Ana tsakiyar cinikin bijimi agogon ya hau girgiza, wai zuciya na gudu, a zauna. Kawu ya daka masa tsawa: "Kai, yi man shiru! Mi ka sani ga shanu?" Bafulatanin mai bijimi ya ɗauka da shi ake, ya ja abinsa ya tafi.

Na uku shi ne mai nauyi. Bashiru ya rantse in bugun bai sauka ba zai ɗauke shi zuwa Kaduna, an gama kasuwa. Nan da nan sakamako ya kwanta luf. Na yi zargi, na bi sawu. Ashe agogon na hannun Malam Sale tela, mai gyangyaɗi a kan keken ɗinki!

"Kawu, wannan ha'inci ne."

"Wane ha'inci? Yaro na son zuciya mai natsuwa, na samo mai. Ba dillali nike ba?"

Na ce ya karɓo ya ɗaura, ko in gaya wa Bashiru. Ya ce, "Bari in dawo daga Moriki."

A karar shanu ta Moriki ya faɗi, igiya a hannu. Da na buga wa Bashiru, sai ya ce, "Haba! Ga ta nan ina gani, lafiya lau take bugawa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kabari ya zama hutun da ya yi ta faɗa. Allah ya ba shi wurin zama a Aljanna, ya kuma sa ya zauna. Amin.