Alhaji Mai Duba Takalmi

Duk wanda ya taɓa hawa benenmu na unguwar Abu Hail, a nan ƙasar Larabawa, ya san maigidana Alhaji ba ya fara gaisawa da fuskar mutum. Da takalminsa yake farawa. Kana sallama yana amsawa, amma idonsa na ƙasa, sai ya gama da abin da ka tuɓe a bakin ƙofa sannan ya ɗago ya ce maka sannu da zuwa. Larabawan ofishinsu har suna suka sa masa, Abu Juti, wato mai takalmi, kuma bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake baki da takarda suna faɗin abin da aka ga dama, shi kuwa takalmi inda aka kai shi kawai ya sani.

Ni ban yi boko ba. Rabi matar autana Nura ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, domin a karanta muku ranar addu'ar cikarsa shekara da rasuwa. Kun ce in tuno muku abubuwan dariyarsa. Zan tuno, amma in kun ji maganar tana karkacewa ku yi haƙuri da ni. Hankalina ba a kwance yake ba, kuma zan gaya muku dalili in na zo wurin.

Da yawanku kun san inshora yake yi, ba ku san wace iri ba. Ni ma sai da ya yi ta nanata mini a kan tabarmar cin abinci kafin ta zauna mini. Kamfanonin da suke haƙo man fetur da gas suna biyan inshora saboda ma'aikatansu, domin in wani ya ji rauni a wurin aiki a yi masa magani a biya shi diyya, in ya rasu a ba iyalinsa. Abin da kamfani zai biya kuwa ya danganta da hatsarin aikin. To aikin Alhaji shi ne ya sa kowane kamfani a ajinsa. Masu haƙa rijiyar mai ajinsu daban, masu gyaran rijiyar daban, masu shimfiɗa bututu daban, waɗanda ake kaiwa tsakiyar teku su ne a can sama. 'Yan ofis su ne a ƙasa, su suka fi araha. Shi ya sa, in ji shi, kowane manaja a duniya so yake a ce duk mutanensa a kan kujera suke wuni.

Malam Isufu mutumin Maraɗi yana nan da ransa, in na yi ƙarya ya faɗa. Ya zo mana wata Juma'a cikin farar shadda, ya ce an yi masa ƙarin girma a wurin kargo inda yake dakon kaya, yanzu shi patron ne, wato shugaba, daga waya sai shayi. Alhaji ya yi masa murna sosai. Can sai ya leƙa bakin ƙofa, ya ga takalmin an take masa baya, gefe ɗaya ya cinye kamar an goga shi a dutse. Ya kira ni ya ce in kawo wa patron man zafi, bayansa na ciwo saboda dako. Malam Isufu ya karɓi man ya ce, “Alhaji, kai dai ba a zuwa gidanka da sirri.” Tun daga ranar, a ƙasan bene yake tuɓe takalminsa ya sa a leda ya hau da shi a hammata.

Wanda ya fi ba shi daɗin labari shi ne wani kamfani a unguwar Al Qusais. Manajan ya rantse masa hayar kayan aiki kawai suke bayarwa, babu mai zuwa kusa da rijiya, a rubuta su 'yan ofis. Ya zaga da shi ɗakuna masu sanyi, ya cika shi da shayi da dabino. Alhaji bai musa ba. Ya zauna yana ta hira har aka kira azahar, sai ya ce zai bi su jam'i. Da suka isa ƙofar ɗan masallacin da ke bayan sito, ga takalma nan jibge, manya masu ƙarfe a baki, duk sun yi baƙi da taɓo da mai. Ya ɗaga guda ɗaya da ƙyar, ya tambayi manajan wane irin biro ake rubutu da shi a nan, da in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai da wannan.

Da shekara ta zagayo ya koma, manajan ya shirya masa. Ƙofar masallaci fes, silifa ne a jere, duk shuɗi, duk sababbi, wasu ma ba a cire musu takardar kanti ba. Alhaji ya ce masha Allah, ashe an yi Sallah bai ji ba. Ranar ce, ya ce mini, aka tilasta masa ya kalli fuskar mutane. Yana kallo kuwa ya ga goshin kowa kala biyu, sama fari inda hular kwano take rufewa, ƙasa rana ta ƙona. Ya mayar da su ajinsu na masu gyaran rijiya. Manajan ya bi shi har mota yana lallashi, habibi, habibi, shi kuma yana ce masa halas, magana ta ƙare, a ba yaran silifan su tafi da su gida.

Ni ma ban tsira ba. Ya ce kicin ɗina, da tukunyar gas da tafasasshen mai da wuƙa, ajinsa ɗaya da bakin rijiya. Wata rana ya dawo da kwali, na ɗauka atamfa ce. Takalmin ƙarfen nan ne, daidai ƙafata, wai in riƙa sawa in zan soya ƙosai. Na ce masa shekarun da na yi ina suya tun a Bichi ban taɓa ƙona ko ɗan yatsa ba. Ya ce duk wanda ya je masa neman diyya da haka yake fara magana. Shi kuwa ya sa kansa a ajin 'yan ofis, marasa hatsari. Ba a jima ba kujerarsa mai juyawa ta zame da shi a ofis, ya karye a hannu. Da aka kawo shi gida da ɗauri, na kai masa kunu, na ce, “Alhaji, ko dai in ara maka takalmina?” Har dare bai yi mini magana ba.

Nasa takalmin kuwa kun san shi, baƙin nan ƙwaya ɗaya. Mai gyaran takalminsa na unguwar Satwa ya taɓa roƙonsa don girman Allah ya bar takalmin ya huta. Ya ce tafin shi ya sa, ɗinkin nasa ne, igiyar ma tasa ce, abin da ya rage na asali ƙafar Alhaji ce kawai.

Kuna dariya, ni ma na yi. Amma akwai abin da ya mayar da shi haka. Tun muna Fatakwal, kafin a kawo mu nan, wani saurayi ya je ofishinsu a kan sanda. Ƙarfe ya faɗo masa a bakin rijiya an yanke ƙafar. Kamfaninsa ya rubuta shi akawu, aka yi ta ja da shi, wai me ya kai akawu bakin rijiya. Alhaji ya ce yaron ya tuɓe takalminsa a ƙofar ofis saboda ladabi, ƙafa ɗaya, ya ajiye shi a gefe. Wannan takalmin bai taɓa barin idonsa ba. Shi ya sa da Nura ya gama karatun injiniya, bai hana shi kowane aiki ba, abu ɗaya ya ce masa: kada ya yarda a rubuta shi a wani wuri alhali ƙafarsa tana tsaye a wani.

Ko a asibiti, ciwo ya ci ƙarfinsa, bai daina ba. Wata likita ta shigo duba shi, ya kalli ƙafarta, ya ce mini da 'yar muryar da ta rage masa in tashi in ba ta kujera, tun jiya take tsaye. Haka ne kuwa. Bai ƙara kwana da yawa ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Bayan rasuwar, Nura ya sami aiki a wani kamfanin mai, ya mayar da bizata kansa, ya riƙe gidan nan. Ya ce mini ofis ne, sai dai ana tura shi kwas Abu Dhabi, ya yi makonni ya dawo. Ya sayi jan takalmi na ofis mai kyau, da shi yake fita da shi yake dawowa. Ni kuma takalmin Alhaji yana nan bakin ƙofa inda ya bar shi, kullum da safe nakan goge masa ƙura. Wata safiya ina gogewa, hannuna ya kai kan na Nura na juya shi. Wata da watanni ana zuwa aiki da shi, amma tafin kamar jiya aka fito da shi daga kanti. Dunduniyar ko alamar ci ba ta yi ba. Na ce wannan takalmin daga ƙofa zuwa mota kawai ya sani. Da ya fito karyawa na kalli goshinsa, sai na ga abin da Alhaji ya gani a Al Qusais.

Ban tambaye shi ba. Amsar nake tsoro. Shi kaɗai gare ni a ƙasar nan, yayyensa mata duk suna gida da aurensu, ga Rabi da tsohon ciki. In ya tafi kwas ɗin nan, ko tukunya ce ta faɗi a gidan maƙwabta sai gabana ya yanke. Kuma ba tekun kaɗai nake tsoro ba. Cewa nake, wanda ya ce wa uwarsa ofis, ko kamfanin ma ofis suka rubuta shi? Sai in ga yaron Fatakwal, wanda ban taɓa gani ba, da fuskar Nura.

Jiya muka fara wannan rubutun. Da na zo kan goshin mutanen Al Qusais, sai na ji biron Rabi ya tsaya. Na ce, “Rabi, goshin mijinki kala nawa ne?”

Ta sunkuyar da kai, sai hawaye. Ta ce a teku yake, a kan dandamalin ƙarfen da suke gyaran rijiya, jirgi mai saukar ungulu ne yake kai su. Takalmin aikin a bayan mota yake ɓoye shi. Shi ya hana ta faɗa saboda hawan jinina. Na tambaye ta a wane aji aka rubuta shi, ta ce wallahi ba ta sani ba, ba ta ma san ana tambaya ba. Muka kira, waya ba ta shiga, ta ce sai sun tashi aiki ake samunsa. Ga iska tun safe tana jijjiga tagogi. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Na ɗora shinkafa na manta da ita har ta kama.

Bayan la'asar ya kira. Ya fara ba ni labarin kwas, wai malamin nasu Bature ne. Na ce, “Nura, na juya takalminka.”

 Ya ce, “Umma, ki yafe mini.”

Na ce yafiya tana nan ba inda za ta, amma ya fara gaya mini tukuna a wane aji aka rubuta shi. Sai na ji yana dariya, irin wadda kuka ke biye da ita. Ya ce ranar da ya je ɗaukar aiki ya ƙi sa hannu sai an nuna masa ajinsa. Wani tsohon manaja ya fito ya ga sunan mahaifinsa, ya dafe kai ya ce, “Ɗan Abu Juti ne? Ku nuna masa komai, kafin ya ce zai bi mu azahar.” Ashe kamfanin nan ne da ya jera wa Alhaji silifa. An rubuta shi ma'aikacin rijiya na teku, ajin da ya fi kowanne tsada. Manajan ya ce tun shekarar da suka yi asarar kuɗin silifa, ko mai dafa musu shayi in zai hau jirgin nan a ajin teku suke sa shi.

Na yi dariya, na yi kuka, Rabi ta rasa wanne za ta taya ni. Mutumin nan yana kwance a kabari, taurin kansa yana can tsakiyar ruwa yana tsare masa ɗa.

Amma kada ku ce hankalina ya kwanta. Alhaji da bakinsa yake cewa inshora tana biyan kuɗin ƙafa, ba ta mayar da ƙafa. Yau ya kamata Nura ya sauko, iska ta hana jirgin tashi, sun ce sai ta lafa. Na gaya masa in ya dawo kada ya ƙara barin takalmin nan a bayan mota. Ya hau da shi, da taɓonsa da mansa, ya tuɓe a bakin ƙofa kamar kowa. Na matsar da na babansa gefe, na bar masa wuri.

Allah ka jiƙan Alhaji, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka saukar da shi inda babu faɗuwa babu ƙuna. Ka tsare 'ya'yan mutane da suke kan ruwan nan, waɗanda aka rubuta daidai da waɗanda ba a rubuta ba. Nawa kuma, ya Allah, ka kwantar da iskar nan, ka dawo mini da takalminsa bakin ƙofa ƙafa biyu. Ku taya ni da amin.