Sai Mota Ta Sauka

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, kuma har yau akwai gurbi ɗaya a manhajar da ya bar mana wanda ba ma cikewa sai a makare: gurbin ranar tashin mota da hanyar da za ta bi. A kan gurbin nan ne kamfanin ƙetare da ke sayen riɗinmu yake barazanar rabuwa da mu. Don haka waiwayen bana ba na hawaye ba ne, raina a ɓace na zauna rubuta shi.

Yaya Bello malamin lissafi ne a wata sakandare a Gummi kafin ya ajiye alli ya shiga harkar riɗi. Yakan tattaro shi daga manoman Nasarawa Burkullu da ƙauyukan Anka, a tankaɗe a sitonmu, a ɗinke buhuna, mota ta kai Legas, jirgin ruwa ya ƙarasa. Ni ƙanwarsa ya zaunar gaban kwamfuta, wai bakina ya fi hannuna sauri, bari ya ga ko hannun zai kamo. Kowane buhu ya ba shi lamba, ta yadda mai saye yana zaune a ƙasarsu zai ga ƙauyen da riɗin ya fito da wanda ya auna shi. Kada wani ya ce mini tsoron zamani yake yi. Mutumin da ke hawa saman sito da babbar riga yana farautar sabis ai ba ya gudun na'ura.

Wata rana na tambaye shi dalilin barin gurbin nan fanko. Ya yi dariya ya ce, "Hajara, kin taɓa jin Inna ta hwaɗi ranar da za ta tahi Anka? Sai dai ki gan ta da tsaraba. In mota ta sabka, ki rubuta. Kahin nan daga ni sai direba, sai Allah."

Haka muka taso. A gidajenmu ba a shelar ranar tafiya. Kakanninmu mugun baki suke gudu, mu kuwa abin da muke gudu yana da babur da bindiga, yana kuma da infoma a tasha da kasuwa. Yaya ya ɗauki wannan tsohuwar ɗabi'a ya dasa ta cikin manhaja, bai kuma taɓa neman afuwar kowa ba. Ciwo ne ya ɗauke shi a gadonsa, amma a iya zamansa kan harkar ba mu taɓa zuwa ta'aziyyar direbanmu ba.

Yanzu kamfanin ya naɗa sabuwar manaja, mace mai ladabi, ba ni da abin zarginta. Ta kira ni ta bidiyo ta ce za a maƙala na'urar bibiya a kowace mota, ofisoshinsu na ƙasashe daban-daban su riƙa ganin motsinta kai tsaye a taswira, haka masu inshora, haka wakilin tashar jirgin ruwa, haka kamfanin sufuri. Ta ce bayanan a kulle suke. Na tambaye ta mutum nawa ke riƙe da makullin, kuma ko ta san abokan ƙannensu. Ta ce tsarinsu ɗaya ne a duk ƙasashen da suke aiki. Na ce mata hanyoyin ba ɗaya ba ne.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai yi da yana raye. Na san zai fara sayen na'urar ya kwance ta a kan tabarma don ya ga cikinta, ya kuma rasa inda kusa ɗaya ta shige. Bayan nan zai ba su duk abin da dokar ƙasarsu ta nema game da asalin abinci, domin hakkinsu ne su san abin da suke ci. Abin da na yi musu tayi ke nan: na'urar ta naɗi tafiyar, amma kada ta saki komai sai mota ta isa. Suka ce ba a gina manhajarsu haka ba. To a gina ta mana. Malamin sakandare ya yi tasa da sabis na saman sito, ku da injiniyoyi cike da bene me ya gagare ku?

Malam Garba, direban da ya fi kowa daɗewa da mu, da ya ji labari sai ya zo ofis ya ajiye makullin mota a kan tebur. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, in kunka sa abin ga, ku nemi wani. Ɗiyana ƙanana na." Na tura masa makullinsa na ce ya ɗauka, ba a sa ba, ba kuma za a sa ba.

Kamfanin ya ba ni wa'adi zuwa ƙarshen kaka. Ban ɗauki abin da wasa ba. Idan suka janye, manoman da na san sunayen 'ya'yansu za su koma hannun 'yan baranda, su sayar yadda aka ga dama, kuma ni za su kalla. Wannan yana hana ni sukuni, ba zan ɓoye ba. Wasu cikin dangi suna cewa taurin kai ne na gado. Na amsa, na gado ne. Riɗi in ya faɗi bana, a sake shuka baɗi. Ban san inda ake sake shuka Malam Garba ba.

Yaya bai bar gidan bene ba, motarsa ma an daɗe da sayarwa. Abin da ya bari shi ne wannan gurbi, da mutanen da suke komawa gida saboda shi. Lokacin da na fara rubutun nan Malam Garba yana kan hanya da kaya, ni kaina ban san wacce ya bi ba, matarsa ma ba ta tambaya ba. Ɗazu wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa a gajiye: "Hajiya, mun sabka."

Sai a sannan na buɗe kwamfuta na cike gurbin. Allah ya jiƙanka, Yaya. Yau ma a makare na rubuta.