Hular da Baba Bai Mayar Ba

Shekaranjiya ina wucewa ta bakin wata firamare sai wani malami ya kaɗa ƙararrawar hannu, irin ta tagulla mai mariƙin katako. Na tsaya cak a gefen titi har sai da mai adaidaita ya daka mini tsawa. Ka yi mini uzuri, mai karatu. Da irin wannan ƙararrawa ake buɗe taron ƙungiyar su Baba, kuma a taro na ƙarshe da aka yi a gidanmu na unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a Kano Baba ya rasa hannunsa na dama, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata makarantar kwana ce. Duk Lahadin ƙarshen wata suke haɗuwa bayan la'asar, yau gidan wane, wata mai zuwa gidan wane. In abin ya zagayo kanmu, Inna takan wuni tana suyar waina tana mita, wai dattawa da furfurarsu za su zo su mayar mata da harabar gida ajin 'yan fom wan. Gaskiyarta kuwa. Da sun zauna a ƙarƙashin darbejiyarmu, babu darakta babu alhaji, sai siniya da juniya. Wanda ya riga ka shiga makaranta ko da shekara ɗaya ne, to gaba yake da kai har kabari.

Suna da wata doka da suke ji da ita kamar ƙwai. Duk wanda ya iso bayan an kaɗa ƙararrawa, siniyansa zai tashi ya cire masa hula ya ajiye a kan tebur. Haka zai zauna da kai a buɗe, ya zagaya da buta yana zuba wa kowa ruwan wanke hannu. In an gama cin abinci sai ya durƙusa, wanda ya cire hular ya mayar masa da ita da hannun dama, ya ce an yafe. Ba ya ɗauka da kansa, wani kuma ba ya mayar masa. Aminin Baba, wani malamin lissafi Kirista ɗan kudancin Kaduna da muke kira Baban Tarauni saboda unguwar da yake zaune, ba mai sa hula ba ne, amma sai da ya sayi ɗaya musamman don kada a bar shi a baya wajen hukunci.

A shekarar da soja suka koma bariki, wani daga cikinsu ya shiga siyasa ya ci kujera. A makaranta shi ne yaron Baba, mai wanke masa kaya da ɗebo masa ruwa, kuma ko a kasuwa suka haɗu Siniya yake ce masa. Ranar taron an yi yayyafi da hantsi, ƙasa tana ƙamshi. An kaɗa ƙararrawa, an yi addu'a iri biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kamar kullum, ina fitowa da tiren waina ke nan sai ga motarsa. Ya shigo cikin babbar riga yana murmushi. Bayansa wasu samari uku suka tsaya a bakin get, idanu jajur, ɗaya yana jan gora a ƙasa. Ba wanda ya kula su. Shi bai gaya musu dokar ƙungiyar ba, Baba kuma bai tuna cewa juniyansa yanzu ba ya yawo shi kaɗai ba.

Baba ya miƙe yana dariya. "Juniya, ka makara," ya ce, ya sa hannu ya zare hular.

"Kai! Hular Oga?"

Daga bakin get muryar ta fito. Ban ga lokacin da saurayin ya ƙetare harabar ba, na dai ga adda ta fito daga cikin rigarsa. Hannun Baba yana sama da hular a ciki, a nan addar ta same shi, daidai wuyan hannu. Ƙararta ban manta ba, irin ta mahauci ce a kan ƙashi. Jini ya yi tsartuwa har cikin tiren da nake riƙe da shi. Baba bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon hannun yana reto, fata kaɗai ta riƙe shi, sannan ya faɗi ƙasa.

Saurayin ya sake ɗaga addar. Baban Tarauni ya yi tsalle ya kwanta a kan Baba, sara na biyu ya same shi a kafaɗa, mai gora ya shiga jibgarsa a baya kamar ana sussukar gero. Wuri ya kaure. Dattawan da ɗazu suke tsokanar juna suka ɗauki kujeru da benci. Wani akawu mai sanyin hali ya fasa wa mai addar kai da kwalbar lemo, wani aka zubar masa da haƙora. Ɗan siyasar yana tsakiya, kai a buɗe, yana ihu har muryarsa ta dushe.

"Ku bari! Siniyana ne! Wasa ne, wallahi wasa ne!"

Wa ya ji shi? Abin da suka sha ya fi muryarsa ƙarfi. Sai da Inna ta fito da taɓarya ba ko mayafi, maƙwabta suka yo ca, sannan samarin suka haura katanga. Baban Tarauni, jininsa yana zuba, ya zare bel ɗinsa ya ɗaure damtsen Baba tamau. Ni kuwa ina tsaye riƙe da tire, wainar ta yi jajur, na kasa ajiyewa har sai da wata maƙwabciya ta ɓamɓare yatsuna.

A asibiti aka ƙarasa yanke hannun. Baba mai zanen taswirar gine-gine ne a ma'aikata, da wannan hannun yake ciyar da mu tara.

Kwana huɗu bayan nan, muna zaune ni da Inna a gefen gadon, sai ga ɗan siyasar shi kaɗai. An wanke hular amma tabon bai fita ba. Ya ɗora ta a kan gado ya durƙusa a siminti, ya sunkuyar da kai.

"Siniya, a mayar mini."

Baba ya ɗaga dungulmin da ke naɗe da bandeji. "Hannun da zai mayar maka yaranka sun tafi da shi."

"Ko da na hagu ne, Siniya."

"A makarantarmu da hagu ake mayarwa?" Baba ya juya fuskarsa bango. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Na so a ce ya daɗe a durƙushe fiye da haka.

Ƙungiyar tana nan har yau, amma a waya suke taro, in kuma sun haɗu sai a ɗakin taro na haya, kowane babba da masu tsaronsa, ba mai taɓa rigar wani balle hularsa. Wataƙila hakan ya fi lafiya, amma ban ƙara jin dattawa suna irin waccan dariyar ba. Shi kuwa mutumin, a fosta da hularsa muke ganinsa, amma duk sallah yakan zo gaishe da Baba, ya bar ta a mota.

Bara Baba ya rasu. Ranar uku ya shigo yi wa Inna ta'aziyya, tsoho tukuf, sanƙonsa yana naso a rana. Inna ta dube shi ta ce, "Alhaji, don Allah ka sa hularka. Ya yafe maka tun tuni, ni shaida ce."

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. "Hajiya, ai ba ke kika cire ba."