Hancin Baba Mai Tanki

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Tanki ya yi a masana'antar da ake kiwon bakteriya. A manyan tankuna ake ba ƙwayoyin ruwan sukari da iska, su kuma su fitar da sinadarin gina jiki da ake zubawa a abincin kaji. Bai yi nisa a boko ba, hancinsa ne jarinsa. In baƙuwar ƙwaya ta shiga tanki, kafin na'ura ta farga shi ya ji. Yakan tari ruwan a kofi, ya shinshina sau biyu, ya yanke hukunci.

Tun murar watan jiya hancin ya mutu. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma don tukunya ta ƙone a gabansa bai motsa ba.

Ranar Talata da hantsi injiniya ta kira shi. Tanki na uku ya cika kumfa, allon na'ura na cewa lafiya, sakamakon ɗakin gwaji kuma sai la'asar. In gurɓatacce ne aka juye shi cikin na huɗu, duka biyun sun tafi.

"Baba, shinshina mana. Kana cewa to, in buɗe bututu."

Ya tara, ya kai hanci. Babu komai, sai ɗumi. Ya sake. Ya sake na uku, abin da bai taɓa yi ba.

"Yau kuma shan shi za ka yi, tsoho?" in ji wani mai walda daga kan tsani.

Baba ya sauke kofin daga hancinsa. Sau tara cikin goma kumfa ba ta nufin komai. In ya ce to, ƙila ya tsira da kujerarsa. Hannun injiniya na kan makullin bututu.

"'Yata, ɗauke hannunki. Wata guda ke nan ba na jin wari."

Mai walda ya haɗiye dariyarsa. Injiniya ta ɗauke hannunta, ta karɓi kofin.

"Me zan nema?"

"Shaƙar farko banza ce, tururi ne kawai. A ta biyu ki rufe baki, ki ja a hankali."

Ta ja, ta yamutsa fuska. "Kamar tsumman da ya kwana a jiƙe."

"Rufe tankin," in ji Baba. "Ya gurɓace."

Ta murɗa makulli, ta miƙa masa kofin. "Wanke shi, Baba. Saura tanki biyar ba mu duba ba."