Layin Baba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Amma Inna ta tsufa, ni kuma dabara ta ƙare mini.

A gidanmu, can gefen Tsanyawa, layin waya ɗaya muke da shi. Ni na saye shi, amma ranar rajista Baba na ɗauko a babur ya dangwala yatsa. A wajenmu ɗa ba ya sa sunansa a kan abin gida uba na raye, gona ce ko akuya. Da Baba ya rasu muka ci gaba da amfani da layin, ba wanda ya kawo komai a ransa.

A shekarun da taki ya gagari talaka, ƙanena ya tafi haƙar zinariya can cikin sahara. Ba shi da wayar kansa. In ya samu aro, sai ya turo murya ta manhajar nan ta aika saƙo, kullum da sabuwar lamba. Lambarmu kaɗai ya haddace. Inna takan sa in kunna mata muryar tana tsince wake, har caji ya ƙare.

Sai gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da katin ɗan ƙasa. Na je ofishin kamfanin waya, suka ce mai yatsan ne zai zo da kansa. Na ce yana maƙabarta. Wani mai gyaran waya a Bici ya ce in samo dattijo mai kama da Baba, shi ya san yadda zai yi. Na yi ta juya maganar, na kasa sa wani ya amsa sunan mamaci. Ina cikin haka aka rufe layin. Daga baya aka sayar wa wani, manhajar ta rufe a wayata, na rasa muryoyin.

Na kira lambar. Wani mutum ya ɗauka, ina fara bayani ya ce ɗan damfara ne ni, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba, zamani ne.

Dagaci ya tura ni sakatariyar ƙaramar hukuma. Wani ma'aikaci ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka masa. Ya ce kamfanin layi yana jin maganar gwamnati, shi ya sa ya rufe. Amma saƙonnin ƙanena suna hannun masu manhajar, su kuma suna ƙasar waje.

Na ce, "To ranka ya daɗe, gwamnatin da ta sa aka rufe, ba za ta sa su gaya masa mun canja lamba ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Malam, waɗannan ko gwamna ne ya rubuta musu, na'ura ce za ta ba shi amsa."

Ni da na taso, in akuyar maƙwabci ta ci maka dawa, ka san zauren da za ka je ka tsuguna. In mai unguwa ya kasa akwai dagaci, in ya kasa akwai hakimi. Wannan kuwa ban ga zaurensa ba.

Har yanzu in na shigo daga gona Inna takan dubi aljihuna, ta ce ko yaron ya yi magana. Ba na iya yi mata ƙarya. Ba na kuma iya gaya mata cewa watakila yana can yana gaishe ta a wayar baƙo, yana zaton fushi muke da shi.

Don Allah, wanda ya san inda masu manhajar nan suke da ofishi a ƙasar nan, inda mutum ke zama ba na'ura ba, ya aiko mini ta hannun direbobin Tsanyawa. Haka ma wanda ya dawo daga haƙar zinariya, in ya haɗu da wani ɗan wajenmu mai tabon lauje a hannun hagu, shi ne ƙanena.